Yadda ake auna allurar insulin da allurar rage ƙiba a gida

"Assalamu alaikum. Daga Argungu nake rubuto maka. Innarmu ta daɗe da ciwon suga, bara likita ya mayar da ita kan allura, Mixtard, 20 da safe 10 da yamma, kuma ni ke yi mata. Sirinjin da muka saba da shi mai murfi ruwan lemo ya ƙare, sai aka sayo mana wani a kemis mai jan murfi, aka ce duk ɗaya ne. Ina ja har kan 20 kamar kullum, amma a ido na ga ruwan ya fi yawa. Kwana biyun nan kafin azahar sai gumi ya rufe ta, jikinta na rawa, jiya har magana ta riƙa yi ba kan gado. Wasu sun ce iska ce. Na biyu, ni kaina ƙiba ta dame ni, na sayi allurar rage ƙiba wurin wata a WhatsApp. A ƙaramar kwalba take, ta ce in riƙa jan 10 duk sati. Ban fara ba tukuna. Zan iya amfani da irin sirinjin Inna? Kuma 10 ɗin nan a ina take?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Tambayoyinki biyu tushensu ɗaya ne, wato yadda mutum zai tabbatar abin da ya zuƙa a sirinji shi ne abin da likita ya rubuta. Amma ta farkon ba ta jira, don haka kafin komai: kada ki sake yi wa Inna allura da jan sirinjin nan a kan 20. Ki ajiye wayar nan ki ɗauko kwalbar da sirinjin ki duba jikinsu. Idan kwalbar an rubuta mata 100 IU/ml ko U-100, sirinjin kuma an rubuta masa U-40 ko lambobinsa sun tsaya a kan 40, to abin da ke damun Inna ba iska ba ce. Insulin ne ya yi mata yawa, suganta ke faɗuwa, kuma yau ɗin nan ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan ta.

Aikina a sashen magunguna yake a nan Birnin Kebbi, kuma wannan rikicin na sirinji yana cikin abubuwan da suka fi tayar mini da hankali, domin mai yin kuskuren yakan zama mutum ne mai kula sosai. Lambar da likita ya faɗa ita ya ja, bai ƙara ba bai rage ba, ga shi kuma mara lafiya na neman suma.

Abin da sirinji ke aunawa

Sirinji bai san ƙarfin magani ba. Yawan ruwa kawai yake aunawa. Ludayi ɗaya na fura mai kauri da ludayi ɗaya na wadda aka tsinka da ruwa duk ludayi ɗaya ne, amma wanda ya sha ya san ba ɗaya ba ne a ciki. Haka insulin yake. Akwai wanda aka haɗa shi da yunit 100 a cikin kowane mil ɗaya (mililita, wato ml da ake rubutawa a jikin kwalba), shi ne U-100, kuma shi ya fi yawa a hannun mutane yanzu. Akwai mai yunit 40 a mil ɗaya, U-40, wanda har yanzu ana yin sa a wasu ƙasashe kamar Indiya, yana kuma shigowa kasuwanninmu tare da sirinjinsa. Kowanne da sirinjin da aka zana wa layuka daidai da ƙarfinsa. A sirinjin U-100, mil ɗaya an raba shi gida 100. A na U-40, wannan mil ɗayan dai an raba shi gida 40. Saboda haka lamba 20 ba wuri ɗaya take a jikinsu ba.

Ga lissafin Inna. Yunit 20 na insulin U-100 shi ne mil 0.2, kashi ɗaya cikin biyar na sirinji mai mil ɗaya. A jan sirinjin kuwa lamba 20 tana tsakiya cif, wato rabin mil. Rabin mil na insulin U-100 yunit 50 ne. Na yamma kuma, inda kika ja 10, yunit 25 ya shiga. A wuni ke nan tana samun 75 a maimakon 30, ninki biyu da rabi. Idonki bai yaudare ki ba da kika ga ruwan ya fi yawa, kuma wannan lurar da kika yi ita ce ta fi komai amfani a cikin wasiƙarki. Duk ranar da adadin da aka saba ya canza kama a ido alhali likita bai canza komai ba, a tsaya a bincika.

Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya sayo kwalbar U-40 ya zuƙa da sirinjin U-100 zai riƙa samun yunit 8 ne a inda yake zaton 20. Suga ya yi ta hawa, ga fitsari ga ƙishirwa, a koma asibiti likita ya ƙara lamba, ranar da aka dace da kwalba mai ƙarfi kuma sai a faɗa rami.

Launin murfi yana taimakawa, domin yawanci ruwan lemo na U-100 ne, ja na U-40. Amma ban yarda kowa ya dogara da launi kaɗai ba, kamfanoni suna da yawa. Rubutun jikin sirinjin da na ledarsa shi ne shaida. Sirinjin allura na yau da kullum kuwa, mai mil 2 ko mil 5 da ake allurar zazzaɓi da shi, kada ya kusanci kwalbar insulin ko da wasa. Ƙaramin layi ɗaya a jikin mai mil 2 yakan zama mil 0.1, yunit 10 ke nan a layi guda, kuma hannu ba ya iya tsayawa daidai a irin wannan.

Wani abu kuma: kada tsoro ya sa a daina yi wa Inna allurar gaba ɗaya a zauna a gida. Barin insulin ga wanda jikinsa ya dogara da shi wani haɗarin ne na daban. A nemo sirinjin U-100 yau, a kuma je asibiti da kwalbar da jan sirinjin a hannu, a gaya wa likita ko nas kwana nawa aka yi ana amfani da shi. Su za su gwada suganta su faɗi abin da za a yi da allurar daren yau. Mixtard yana fara aiki cikin kusan rabin awa, ƙarfinsa ya fi yawa tsakanin awa 2 zuwa 8, kuma yana iya kaiwa awa 24 a jiki, shi ya sa rawar jikin ke zuwa kafin azahar, shi ya sa kuma dare ya fi ba ni tsoro, lokacin da kowa ke barci ba mai ganin gumin.

Idan suga ya faɗi

Alamomin da kika gani su ne na farko: gumi mai sanyi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri. In ya yi ƙasa sosai sai magana ta rikice, mutum ya yi faɗa ba dalili ko ya yi shiru yana kallon mutane bai gane su ba, daga nan sai suma ko jijjiga. Ba a nan kaɗai ake cewa iska ba, na sha jin an ce shanyewar jiki ce ta kama tsoho, alhali cokalin suga yake buƙata. Addu'a ba ta hana a ba shi, a haɗa duka biyun.

In akwai na'urar gwaji a gida, duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ce. In babu na'ura kuma ga alamomi, a ɗauka faɗuwar ce a yi magani. Muddin tana iya haɗiya, a dama ƙananan cokula uku zuwa huɗu na suga a ruwa a ba ta, ko babban cokali na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita. Da ta dawo hayyacinta a ba ta abinci na gaske, tuwo ko shinkafa ko burodi, don sugan da aka sha ba ya daɗewa, allurar kuma tana nan tana aiki. In ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, zai iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da ita ta gefe a nufi asibiti mafi kusa, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa tana kan insulin.

A kula da na'urar ita ma, don tana da irin wannan tarkon. Wasu suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma 70 a ta farko shi ne 3.9 a ta biyu, ana ninka lambar ta biyun da 18 ne a samu ta farkon. Mutanenmu na wajen Kamba da ke tsallakawa Gaya ko Dosso su yi gwaji sukan dawo da takarda mai g/L, inda 0.70 shi ne 70 ɗin namu. Lamba ba tare da ma'auninta ba ba ta gaya wa kowa komai.

Yadda nake koya wa masu jinya zuƙa

Ki wanke hannu, ki zauna inda akwai haske. Allurar yamma a lokacin da ba wuta a yi ta da tocila mai kyau, wani ya riƙe miki. Ki karanta sunan maganin da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa duk lokacin da aka buɗe sabuwar kwalba. Mixtard mai launin madara ne, kuma idan ya zauna farin yakan kwanta a ƙasa. Ki murza kwalbar a hankali tsakanin tafukanki har launin ya zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ba a girgiza ta da ƙarfi, kumfa take yi. Wanda bai murza ba yau zai ja mai rauni, ƙarshen kwalba kuma ya ja mai kauri, sai suga ya yi ta hawa da sauka ba a san dalili ba. Wasu nau'o'in insulin irin su Actrapid da Lantus kuwa garau suke kamar ruwa, in kika ga sun yi duhu ko da ɗan gari a ciki sun lalace.

Ki goge robar bakin kwalbar da auduga da sifirit. Ki ja iska a sirinji daidai yawan yunit ɗin da za ki ɗiba, ki soka ki tura iskar cikin kwalbar, sannan ki kifa ta, bakin allurar na cikin ruwan, ki ja a hankali. Yanzu ki ɗaga sirinjin daidai idonki. A ƙarshen sandar da ake turawa akwai baƙar roba, kuma gefenta na sama, wanda ke fuskantar allura, shi ake dorawa a kan layi. Wanda ya karanta da gefen ƙasa ya rage wa mara lafiya wasu yunit. In akwai kumfa ki ɗan ƙwanƙwasa da farce ta hau sama ki mayar da ita kwalba, ki sake ja. Ƙaramar kumfa a ƙarƙashin fata ba ta kisa kamar yadda ake tsorata mutane, illarta ita ce ta cinye wurin magani.

Sannan ki ƙirga layuka. Sirinjin U-100 kala uku ne: mai yunit 30, mai 50, mai 100. A manyan, sau da yawa kowane layi yunit 2 ne. Ki duba tsakanin 10 da 20: in tazara biyar ce, kowace 2 ce, in goma ce, kowace 1 ce. Ga mai 20 da 10 kamar Inna, ƙaramin mai 30 ko mai 50 ya fi sauƙin karantawa. Na taɓa zama da wani dattijo da sugansa ya ƙi daidaita, na ce ya zuƙa a gabana da ruwan gwaji. Ya kai sirinjin kusa da hancinsa, ya runtse ido ɗaya, ya tsaya nesa da layin da yake nufi, yana kuma da yaƙinin ya dace. Yanar ido ce ta fara masa bai faɗa wa kowa ba. Tun daga nan duk wanda ya manyanta ba na tambayarsa ko ya iya, sai in ce ya yi in gani. Ga irinsu biron insulin, wato allurar da ke zuwa da siffar biro da maganin a cikinta, ya fi, ko a samu wani a gida ya ɗauki nauyin.

Wurin sokawa ciki ne, a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku daga cibiya, ko gaban cinya, ko bayan damtse. A riƙa zagayawa. Wurin da ake nanatawa yakan yi tauri ya kumbura, kuma masu ciwo suna son sa don ba ya zafi, amma magani ba ya shiga jini daidai daga can. Bayan an tura a ƙirga goma kafin a zare. Mixtard ana yin sa ne kamar rabin awa kafin abinci, kuma sai an tabbatar abincin na nan.

Shi biron insulin yana ɗauke da mil 3, yunit 300 in U-100 ne, kuma murɗawa ake yi lamba ta fito a ɗan tagar, ana jin ƙarar kowane taki. Kafin kowace allura a murɗa 2 a tura a iska a ga ɗigo ya fito. Kada a taɓa soka sirinji a cikin biro a zuƙo, domin wasu sun fi U-100 ƙarfi. Toujeo yunit 300 ne a mil ɗaya, wanda ya zuƙo shi da sirinji ya ninka wa kansa sau uku. Kuma biro na mutum ɗaya ne ko da an canza allurar bakinsa, saboda ciwon hanta da ƙanjamau.

Kwalbar da kika saya

A nan zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye: kada ki fara. Na gode wa Allah da kika tambaya kafin ki soka.

Magungunan rage ƙiba da ake yayi yanzu yawancinsu semaglutide ne ko tirzepatide. Suna kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke sa ciki ya jinkirta sauke abinci, ya rage sha'awar ci, ya kuma taimaka wa jiki ya fitar da insulin lokacin da suga ya hau. Don ciwon suga aka fara yin su. Ozempic na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ya samu izini a Amurka a 2017, sai Wegovy, wanda shi ma semaglutide ne amma don ƙiba, a 2021. Mounjaro na kamfanin Eli Lilly, wato tirzepatide, ya zo a 2022. Magunguna ne na gaske masu aiki. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, waɗanda suka yi semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Ba na raina su, ba na kuma raina damuwarki da ƙiba, na san irin maganganun da mace ke sha a gidan biki da ciwon gwiwa da ke biyo baya.

Amma waɗannan ba a auna su da yunit. Da miligiram ake auna su. Semaglutide ana farawa da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako har mako huɗu, sannan 0.5, a haka ake hawa mataki-mataki, kuma mai Wegovy ba ya kaiwa 2.4 sai bayan mako 16. Wannan jinkirin don ciki ya saba ne. Saboda haka "ja 10" da matar ta ce miki ba adadin magani ba ne, wuri ne kawai a jikin sirinji, ba ta kuma faɗi wane sirinji ba. A na U-100, 10 tana nufin mil 0.1. In kwalbarki miligiram 2.5 ce a kowane mil, kin samu 0.25, daidai da mafari. In 5 ce, kin ninka. In 10 ce, kin yi huɗu a tashi ɗaya. In kuma da jan sirinjin nan na gidanku kika ja 10, mil 0.25 ke nan, wanda a kwalba mai ƙarfin 10 ya zama miligiram 2.5, ninki goma na abin da ake farawa da shi, a ranar farko. Duk wannan lissafin ma sai in abin da aka rubuta a jikin kwalbar gaskiya ne. Wasu kuma gari ne ake zuba wa ruwa a gida, ƙarfinsu ya danganta da yawan ruwan da aka zuba. Ga wani ruɗanin: tirzepatide da miligiram 2.5 ake fara shi, don haka wadda ta ji ƙawarta na yin 2.5 ta kwaikwaya da semaglutide ta shiga uku.

Wannan ba matsalar rashin karatu ba ce. A watan Yulin 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan mutanen da suka yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na semaglutide daga irin waɗannan kwalabe, saboda rikita yunit da mil da miligiram, wasu har an kwantar da su. Akwai wanda aka ce masa ya ja 5, sai ya ja 50.

Abin da ya sa yawansa ya fi wahalarwa shi ne daɗewarsa. Sai an yi kusan mako guda kafin rabin semaglutide ya bar jiki, kuma babu wata allura da ke karya shi. Wadda ta zarce za ta yi kwanaki tana amai, ruwa ma ba ya zama, ga ciwon ciki. Ki haɗa wannan da zafin Argungu a watan Afrilu ki ga yadda jiki zai bushe, kuma bushewar nan ƙoda take bugawa. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya yana iya zama kumburin gaɓar da ke samar da insulin, wannan na asibiti ne nan take.

Sai maganar jabu. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da biron Ozempic na jabu, inda alamu suka nuna insulin ne a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Brazil da Ingila da Amurka. In a can an iya kutsa jabu, ki yi tunanin kwalbar da ta biyo motar haya a cikin leda, ba lambar NAFDAC, ba sanyi, daga hannun wadda a shafinta guda take tallar maganin ƙiba da na rama. Ozempic na asali a biro yake zuwa, an riga an saita masa matakansa, mutum ba ya lissafin komai. Ki duba kwalbarki: sunan sinadarin, miligiram nawa a mil, sunan kamfani, lambar rukuni, ranar lalacewa, lambar NAFDAC. In ɗaya ya ɓace, magana ta ƙare. In ma duk suna nan, ki kai wa mai harhaɗa magunguna mai lasisi ya gani da idonsa.

Hanyar da nake ba ki shawara ita ce ki ga likita, a Argungu ko a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Birnin Kebbi. A auna nauyinki da tsayinki da hawan jini, a gwada suganki, tunda mahaifiyarki na da shi ke ma kina cikin waɗanda ya kamata su riƙa dubawa. Akwai tambayoyin da mai sayarwa a waya ba za ta yi miki ba. Kina da ciki, ko kina nema, ko kina shayarwa? Mai ciki ba ta yin sa, mai nema kuma ana so ta daina semaglutide wata biyu kafin ta ɗauka. Tirzepatide yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa a farkon farawa da lokacin ƙara mataki. Akwai wanda ya yi wani nau'in kansar maƙogwaro a danginku? Kin taɓa samun tsakuwa a matsarmama? Sannan a yi maganar aljihu da gaskiya, don magani ne mai tsada da ake daɗewa a kai, kuma waɗanda aka bi sawunsu bayan sun daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo. In likita ya ga ya dace da ke, ki sa ya rubuta miki adadin da miligiram, a saya a kantin magani mai rajista, allurar farko kuma a yi ta a gaban ma'aikaci. Ranar da aka manta ba a ninkawa.

Kada kuma wani ya ba Inna shawarar ta gwada irin wannan don suganta ba da sanin likitanta ba. In ya haɗu da insulin ko ƙwayar ciwon suga irin glibenclamide, faɗuwar suga na ƙaruwa.

Zafi da ajiya

Kwalbar insulin da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya mutu ko da ya narke ya koma kamar da, don haka masu sa shi cikin kula su manna da ƙanƙara su daina. Wadda aka buɗe yawanci mako huɗu take yi a wuri mai sanyi-sanyi, takardar cikin kwalin za ta faɗi na kowane iri. Ki rubuta ranar buɗewa a jikinta da biro. Rashin wuta ba ya nufin an rasa mafita. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa a 2021 ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya. Namu zafin na bazara yakan haura 40, shi ya sa nake cewa a sa kwalbar a ƙaramar roba mai murfi a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ko a yi tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba a tsoma ta tsirara cikin ruwa, takardar jikinta za ta ɓare a kasa sanin ƙarfinta. Aljihun gaban mota da taga da ɗakin kwano da rana su ne ke kashe ta.

Sirinjin da aka gama da shi a jefa a jarka mai kauri mai murfi, in ta kusa cika a kai asibiti, kada ya shiga bola inda yara ke tone-tone. Azumi kuma in ya matso, a je wa likita tun cikin Sha'aban, don adadin safe da na yamma ba haka za su zauna ba.

Daga nan ba zan iya canza wa Inna ko yunit ɗaya ba, ban ga kwalbar ba, ban san yanayin ƙodarta ko sauran magungunanta ba, kuma tsufa da raunin ƙoda su ma suna sa insulin ya daɗe a jiki. Likitan da zai gan ta yau zai so ya san ƙarfe nawa aka yi kowace allura, me ta ci, ƙarfe nawa rawar jikin ta fara. Ki rubuta su a takarda kafin ku fita, ki tafi da kwalin maganin da sirinjin biyu in tsohon na nan, ki sa suga ko alewa a jaka saboda hanya. Ki haɗa da taki kwalbar su duba miki a tafiya ɗaya.